Wa Ya Yanka Ragon?

Ƙauyenmu na Kambari yana ƙasar Ngaski, tafiyar awa guda a keke daga Wara. A lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuma na dawo daga kwalejin horon malamai da takardar shaida da girman kan da ya fi takardar nauyi. Ina koyarwa a firamare, ranar Lahadi kuma ni ke karatu a majami'a, domin idon mai bishararmu ya fara rauni.

Akwai ruga a bayan gonarmu. Tsohon Bafillacen da ke da ita abokin Baba ne tun kafin a haife ni. Bayan girbi shanunsa su ci karan dawarmu su bar mana taki, Inna ta ba matarsa hatsi ta karɓi nono. Wata shekara tafki ya cika da wuri ya cinye fadamar kiwo, sai shanu suka faɗa gonarmu ba a yanke dawa ba. Baba ya sari wata saniya da adda a ƙafa, har sai da aka yanka ta. Ɗan tsohon kuma ya fasa wa yayana kai da sanda. Shekara biyu ko gaisuwa babu, samarinmu har sun fara zuwa gona da kwari da baka.

Mai bishararmu gajeren tsoho ne mai keke mai ƙara. Wa'azinsa, Allah ya jiƙansa, maganin barci ne. Amma ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba, kowa ya san haka. Har masunta Gungawa, Musulmi, shi suke kira in gardama ta tashi a kan tarun kamun kifi. Shi ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin gidanmu da ruga. Can ya zauna a tabarma ya sha nono ya saurari faɗa, nan kuma ya tambayi Baba da wane baki yake roƙon gafara ranar Lahadi. Da ƙyar aka yarda za a zauna a ci abinci a kwano ɗaya, magana ta mutu.

Ragon da mai bishara yake kiwo don Kirsimeti ya bayar. A wurinmu, naman da za a ci da maƙwabci Musulmi, Musulmi ake kai wa ya yanka. Ko yaro ya san wannan. Ya miƙo mini igiya ya ce, "Malam, kai shi bakin ruwa wurin limamin Gungawa. In ya yanka ka kawo."

Na kama hanya. Rana ta yi zafi, rago yana ta turjewa, zuciyata kuma tana ta kawo mini magana. Mu aka ci wa gona, mu aka fasa wa kai, kuma wuƙarmu ce ba ta da tsarki? Ina kaiwa bayan makaranta na ja shi gindin ɗorawa, na yanka da hannuna, na feɗe. Har daɗi na ji, kamar na rama wa gidanmu wani abu. Da na kai naman, mai bishara ya ce, "An yi?" Na ce, "An yi."

Da azahar aka zauna gindin tsamiya a ƙofar majami'a. Tsohon Bafillacen ya zo da 'ya'yansa biyu. Baba ya zauna yana kallon yatsun ƙafarsa. Aka ajiye tuwo da nama a tsakiya. Tsohon ya wanke hannu, sannan ya tsaya.

"Wa ya yanka ragon ga?"

Mai bishara ya ce, "Liman na bakin ruwa."

"In kai ka hwaɗi, shi ke nan."

Ina tsaye riƙe da butar wanke hannu, taku uku daga gare su. Da na buɗe baki a lokacin, kunya kawai zan sha, a sake neman wata dabba. Ban buɗe ba. Tsohon ya yi bismillah ya ɗauki tsoka, ya raba biyu ya miƙa wa Baba rabi. Baba ya karɓa ya ci. A ranar, Inna ta yi kuka don murna.

Murnar ta kwana tara. Ranar kasuwar Wara tsohon ya haɗu da liman, ya tsaya yi masa godiya. Liman ya ce shi ba a kawo masa rago ba.

Washegari mai bishara ya same ni a makaranta. Bai ɗaga murya ba, ya dai tambaye ni, na gaya masa. Ya daɗe yana shafa sirdin kekensa. Sannan ya ce in mutanen ruga suka ji ɗan gidan ne ya yi, za su ce Baba ne ya shirya don ya wulaƙanta su, kuma wannan karon ba a kan saniya adda za ta sauka ba. Ya ce, "Ni na hwaɗi abin da ban gani ba. Bari in tahi in amsa laihin." Ya hau keke ya nufi ruga, ni kuma na koma aji na ci gaba da koya wa yara lissafi.

Ba a yi faɗa ba, wannan kam ya samu. Amma kafin damina ruga ta tashi ta koma wajen Shanga. Labari ya bazu cewa mai bishara ya ciyar da baƙinsa abin da suka ƙi, ya kuma yi ƙarya a kai. Gungawa suka daina kiransa. Har a majami'a wasu suka riƙa cewa tsufa ya taɓa shi. Bai taɓa kallona da wani ido daban ba har ya rasu, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Daga baya wani malami ya gaya mini ai malamai sun saɓa a kan yankan Kirista. Bai rage mini komai ba, domin ba naman ne ya kori tsohon ba.

Sau ɗaya na sake ganinsa, a kasuwar Yauri, bayan rasuwar Baba da mai bishara. Ya tsufa ƙwarai, amma ya gane ni. Ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyyar Baba, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗana, ni ban riƙe gidanku da komi ba," in ji shi. "Mutumin ga naku na keke, shi ya raba mu. Na ɗauka mai gaskiya na."

Hannuna yana cikin nasa. Babu wanda ya rage da za a sara, babu abin da zan rasa sai fuskata. Na ce, "Baffa, sai haƙuri."