Wa Zai Dafa Wa Inna Ruwan Jego a Kumasi?

Wata ranar Laraba ce, bayan an gama yankan masara, a shekarar da na shiga aji huɗu a firamaren Gubuchi. Na dawo daga makaranta ko kayan jikina ban cire ba, Inna ta miƙo mini wayarta ta ce in ruga gindin tsamiyar bakin gonar rake in gani ko Baba ya aiko da saƙo. A duk unguwarmu nan ne kaɗai waya ke kamawa, shi ma sai mutum ya taka saiwa ya ɗaga hannu sama. Na tsaya ina ɗage da ita, masu sarar rake suna yi mini dariya, can sai ta yi ƙara. Na karanta saƙon sau uku. Baba ya ce ya kama gida a unguwar ma'aikata, amma idan kakata Iya ta tambaya in ce mata a zango yake, wato unguwar Hausawa.

Wata biyu ke nan da tafiyar Baba Kumasi. Makanikin injin ban ruwa ne, wani kamfani ya ɗauke shi aiki a can, ya yi gaba don ya nemo mana wurin zama. A lokacin Inna tana da ciki wata shida, kuma bayana ta haifi biyu duk ba su yi sati a duniya ba. Shi ya sa Iya, mahaifiyar Baba, ta kafa sharaɗi tun kafin ya ɗauki jaka: ba za ta saki surukarta ba sai ta san matar da za ta dafa mata ruwan jego. A wurinmu mai jego kwana arba'in take yi ana gasa ta da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, kuma ba aikin namiji ba ne. Tun cikin yana wata huɗu Iya ta fara tara itace a bayan rumbu, kullum muka dawo daga gona sai ta ɗora mini ƙaramin ƙunshi a ka. Ba ta kama sunan Baba, don shi ne ɗanta na fari, sai dai ta ce, "Uban yarinyar nan gida yake nema, ni kuwa maƙwabciya nake nema."

Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi Kumasi. Na gaya wa duk 'yan ajinmu, har na rabar da duwatsuna na carafke, na ce a can ba a wasa da dutse. Baba ya sha kwatanta mana unguwannin biyu a waya. Ta ma'aikata shiru take, ga famfo a cikin gida, ga makaranta mai bene, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe, sai dai babu mai jin Hausa ko ɗaya. Zango kuwa nan Hausawa suka taru tun kakanni, amma ya ce cunkoso ya yi yawa, gida takwas banɗaki ɗaya, kwata a bakin ƙofa. Ba sai an tambaye ni wadda nake so ba. Na gaji da jan guga.

Daga tsamiya zuwa gida ba nisa, amma ranar sai da na zaga ta bayan masallaci, na tsaya kallon masu dafa mazarƙwaila kamar ban taɓa gani ba. Inna ba ta karatun boko, Iya ma haka, duk abin da na faɗa shi ne saƙon. Na iske su a tsakar gida suna ɓarzar masara. Na durƙusa na ce Baba ya samu gida a zango. Inna ta yi hamdala, Iya kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da murza masararta. Can ta ce, "Madalla. 'Yar boko, ya sunan matar da ke kusa da ɗakin?" Na ce bai rubuta ba. Ta ce mutumin da ya kwana a zango ko dare ɗaya ya san wadda ta aiko masa da tuwo, in sake duba wayar da kyau. Na sunkuyar da kai kan gilashin wayar, sunayen mata suna ta zuwa mini, Hajara, Asabe, Ladi, na kasa furta ko ɗaya. Da na ɗago sai idona ya faɗa kan cikin Inna. Na fashe da kuka, na karanta musu saƙon yadda yake, har da wurin da ya ce in ɓoye.

Babu wadda ta dake ni, da ma dukan aka yi ya fi mini sauƙi. Iya ta tashi ta shiga ɗakin Inna, ta kwance ƙunshin kayan da aka ɗaure don tafiya, ta mayar da kwanuka kan jere ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar Inna ta tafi tsamiya da kanta, Baba ya kira ta gaya masa yadda aka yi, ta dawo idonta ja. Daga ranar waya ta yi shiru har kwana goma sha biyu. Kullum na tashi daga makaranta sai in wuce can in taka saiwa har hannuna ya gaji. A aji an sa mini suna 'yar Kumasi, na je karɓo duwatsuna aka hana ni. Na daina ɗaukar wa Iya itace, na daina kwana a ɗakinta, in ta kira ni sai in yi kamar ban ji ba. Gaskiya a kwanakin nan na tsane ta, na tsani kaina, kuma tsoro nake kada Baba ya ce ya fasa mu gaba ɗaya.

Ran na sha uku ina kan saiwa bayan makaranta wayar ta yi ƙara. Baba bai ko tambayi lafiyata ba, ya ce in kawo Iya. Haka ta dogara sanda muka ratsa gonar rake, na hau saiwa na ƙure murya, ita tana tsaye a ƙasa. Sai muka ji wata tsohuwa ta yi sallama da wata irin Hausa mai nauyi, ta ce sunanta Hajiya Sa'a, ɗakinta yana jikin wanda Baba ya kama a zango, ya bar wancan gidan. Suka gaisa har na ƙosa. Sannan Iya ta shiga tambaya, wane ganye suke sakawa, tukunyarta ta ƙasa ce ko ta ƙarfe, jego nawa ta yi wa mutane. Da ta gamsu sai muryarta ta sauka, ta fara gaya mata cewa Inna ba ta son kunu da tsami, tana ɓoye ciwo, sai an matsa mata take ci. A ƙarshe ta ce, "Na ba ki amanarta, ni ban samu yi ba." Ni ina ta tsalle a kan saiwa, ban lura da cewa ta juya mini baya tana share ido da gefen mayafi ba sai da wayar ta mutu.

A zango aka haifi ƙanena, ya rayu, yanzu ya fi ni tsawo. Iya ba ta taɓa ganinsa ba, ta rasu kafin mu samu zuwa gida. Bara aikin mijina ya kai mu wata ƙasa, muka zaɓi unguwa a waya cikin rabin awa, muna duba hotunan ɗakuna da nisan tasha. Gidan yana da kyau, ba ni da abin da zan ce. Da na haihu ni na kunna wa kaina ruwan zafi, jaririyar tana kuka a falo, kuma a duk benen babu ƙofar da na san sunan mai ita. A ranar na so in ba Iya haƙuri.