Takobin da Aka Kawo Daga Kalgo

Ina tsakiyar darasi a makarantarmu ta Kalgo ƙanwata ta kira ni. Ta ce, "Yaya, ka zo Gwandu. Baba ya cika." Na ajiye alli na fita.

Baba maƙeri ne, amma da ƙarfinsa ya ragu sai ya koma duba tsofaffin takubba. Yakan ƙyasta ruwan takobi da farce ya kara kunne. Sannan ya goga lemun tsami da toka a kan rubutun da ke jikin takobin. Yana cewa rubutun da aka sassaƙa tun zamanin kakanni tare yake lalacewa da ƙarfen, wanda kuwa aka ci da ruwan batir bakinsa kaifi gare shi, tsatsarsa a sama take.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa wani dattijo daga Kalgo ya kawo masa takobin gidansu. Takobin ya shekara ashirin a hannun ƙanen dattijon, yanzu ya dawo wurinsa, amma ya ce nauyin ya sauya masa a hannu. Ina wurin. Baba ya zare shi daga kube, bai ƙyasta ba, bai nemi lemu ba. Ya ce, "Alhaji, bar shi ya kwana biyu."

Bayan addu'ar bakwai na ɗauko shi daga ƙarƙashin gadon Baba. Bisimillar da ke jikinsa tana kama farce. Na kwance ƙotar, na ga tsaga uku a jere a gindin ƙarfen. Haka Baba yake yi wa duk abin da ya ƙera, har laujen gidanmu. Ƙarfen sifirin mota ne. Wanda ya sa shi aikin kuwa, ba na buƙatar a faɗa mini.

Ƙanen dattijon ya zo gaisuwa. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Malam, mahaifinka mutum ne mai rufin asiri. Allah ya sa ka gaje shi." Bai saki ba sai da na ce amin.

Dattijon kuma yakan tsayar da ni a bakin kasuwa. "Ɗana, bai bar maka wata magana ba?" Makon jiya ya ce idan zarginsa ya tabbata, ko gawarsa kada ƙanen ya taɓa.

Na mayar da ƙotar yadda take. Takobin yana ƙarƙashin gadon, ban ba Alhaji amsa ba tukuna.