Matar da Na Tare da Sandar Ƙarin Ruwa

Shekarun baya, ina ɗan firamare mai baki kamar rediyon mai shayi, na taɓa tare wata baiwar Allah a ƙofar ɗakin asibiti da ƙarfen nan da ake rataya ledar ƙarin ruwa. Na riƙe shi kamar zan kori kura daga garke. Dalilina kuwa, a makaranta an sha ba mu labarin masu sace sassan jikin mutane, ni ma ina cikin masu ƙara wa labarin gishiri.

Ranar ce babban yayanmu ya rasu. Ya ɗauko dusar shanu a babur daga Miri zai kawo gida Tirwun, mota ta buge shi. Kafin hantsi rai ya yi halinsa. Muna tsaye ana maganar ɗaukar gawa, sai ga matar nan da farin hijabi ta yi sallama, na ji ta ambaci ido.

“Ba mai taɓa shi!” na ce.

Ta dube ni, ta dubi ƙarfen. “Madalla da mai gadi. Amma tayarsa na kan ƙafarka, ɗana.”

Da gaske kuwa, sai lokacin na ji zafin.

Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa kusa da mahaifiyata, ta yi mata gaisuwa da Fulatanci. Ta daɗe ba ta kawo zancen komai ba. Daga baya ta yi wa mahaifina bayani a hankali: akwai wani siririn ɓawo mai kamar gilashi a gaban ƙwayar ido, ana iya cire shi a dasa wa wanda nasa ya lalace, ya koma gani. Ba saye, ba sayarwa, fuska ba ta canzawa, jana'iza ba za ta makara ba. Aikinta shi ne ta tambayi iyali, ta zauna da su har su yanke abin da ransu ya kwanta da shi.

Mahaifina ya kira malaminsa a waya, suka yi magana. Ya dawo ya ce, “In sadaka ce gare shi, na yarda. Amma a ji ta bakin uwarsa.”

To a nan gizo ke saƙar. Mu Fulani ne, shi kuma ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunansa ba. Kakarmu ce ta raine shi, ko abinci za a ba shi sai mahaifiyata ta ce, “Kai wa wancan.” Don haka ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, “Ni ina da ɗa ne? Ku yi abin da kuka gani.”

Baffana ya ce, “Shi ke nan, ta yarda. Malama, a yi sauri.”

Matar ta girgiza kai. “Alhaji, ba ta yarda ba, kunya ta yi. Ku ɗan ba mu wuri.”

Maza suka fita. Ni na maƙale a jikin gado, ba a ga ma amfanin korata ba. Ta matso ta ce, “'Yar'uwa, ɗan tsohuwar nan, wane irin yaro ne?”

Wallahi sai ga mahaifiyata tana magana. Ashe ta san komai nasa: ba ya shan fura da sukari, yana tsoron allura, in ya yi ƙarya kunnensa na motsi. Ni da nake ganin ko tsawonsa ba ta sani ba! Can ta ce, “Ban taɓa tsayawa na kalli idonsa ba. Ko sau ɗaya. Shi ne kuma za a taɓa?”

Matar ba ta kawo zancen lada ba, ba ta ambaci makafin da ke jira ba. Ta kama hannunta ta kai ta inda yake kwance, ta ja labule, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda na tare ta ɗazu. Wata nas ta zo za ta shiga, ta mayar da ita.

Da mahaifiyata ta fito, ta ce a hankali, “Ki yi haƙuri, ba zan iya ba.”

“Ba abin haƙuri. Ɗanki ne.”

Ta je ta sami maza ta ce, “Iyali ba su amince ba.” Ba ta ce wance ba. Baffana ya buɗe baki, ta riga shi: “Motar ɗaukar gawa ta iso, Alhaji.”

Har yau ina tuna abin nan. An miƙa mata abin da ta zo nema, da shaidu, ta ƙi karɓa saboda mutum ɗaya ba ta faɗi abin da ke ranta ba. Ni da ko ƙosai aka ce “ɗauki ɗaya” sai na ji kamar an ce uku. A gida in na ce irin aikinta nake so in yi, dariya ake, wai mai bakina ba zai iya shirun da aikin ke buƙata ba. Ina dai gwadawa.

An yi masa sutura bayan azahar, ba a cire komai ba. Ranar sadakar uku matar ta zo har Tirwun a keke napep, ta zauna cikin mata ta yi gaisuwa, ta sha fura, ta tafi.