Littattafan Yaya Sale da Na Ƙona

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Gwaram. Ni ne ƙaninsa, autan gidanmu, kuma har yau ban samu sukuni ba.

Karatun likitancin dabbobi ne ya kai shi Kazakistan zamanin Tarayyar Sobiyat. Da ya dawo aiki Birnin Kudu, zancen mutanen can ba ya barin bakinsa. Ya ce makiyaya ne, kakanninsu suna kiran wuta uwa. Amarya in ta shigo gidan miji sai ta zuba kitse a murhu. Ba a tofa wa wuta yawu, ba a tsallake ta. Mawaƙansu in sun ce wutar gidan wane ta mutu, to zuriyarsa ce ta ƙare. Waƙoƙin nan ya yi shekaru yana mayarwa Hausa cikin littattafai huɗu, rubutunsu a hagu, namu a dama. Mu kuwa sai tsokana, muna ce masa Sarkin Murhu.

Bayan sadakar uku aka buɗe akwatinsa. Wani dattijo cikin dangi ya karanta shafi guda, ya ce, “Auta, wannan ai bautar wuta ce. Ka rufa wa mamaci asiri.” Yaya Sale fa mutum ne da jam'i ba ya wuce shi. Na san ba haka ba ne, amma tsoron bakin mutane ya fi ƙarfina. Da hantsi na kai littattafan bayan rumbu na ƙyasta musu ashana.

Da Yaya Sale zai leƙo yau ya ga gas ya kori murhu daga gidajenmu, dariya zai yi. Ni ne ban san da wane ido zan dube shi ba. Shanun da ya warkar sun hayayyafa har Zandam, ana ta yi masa addu'a, amma na zaga abokansa kaf, babu mai riƙe da baiti ko ɗaya.

'Yarsa Hadiza tana firamare ya rasu, yanzu tana jami'a a Kano. Duk Sallah sai ta tambaye ni littattafan, ni kuma in ce gara ta ci. Shekaranjiya ta bugo waya: “Baffa, ko guntun da gara ta bari ne ka ajiye mini, ina zuwa Asabar. Ban san rubutun hannun babana ba.”

Na kasa faɗa miki a waya, Hadiza, na kuma san kina karanta jaridar nan. Babu guntu. Ba gara ba ce, ni ne.