Ƙishirwar Motar Sa'adu Dillali

Duk wanda ya taɓa shiga karar Dakoro, wato kasuwar dabbobi, ranar kasuwa ya ga Sa'adu, ko da bai san sunanshi ba. Shi ne siririn nan mai hula a karkace da ke ratsa tsakanin shanu kamar wanda ya baro tukunya bisa wuta. Ba ya zama. Shayi ma a tsaye yake sha, kafin a zuba na biyu ya bar wurin. Ni taubashinshi ne, don haka duk abin da zan faɗa a kanshi ba shi da damar kai ni ƙara.

Dillalin dabbobi ne, gadon ubanshi. Ba shi da garke, ba shi da shago. Fulanin Birnin Lalle da Buzayen arewa su kawo dabba su ɗaure a turkenshi su tafi neman inuwa, saboda an sani tun yana saurayi ba a taɓa cusa mashi dabba mai ciwo ba. Ya dubi sā daga nesa ya ce maka an ba shi kanwa da asuba don ya sha ruwa cikinshi ya cika. Ya murza kunnen tunkiya ya faɗi shekarunta. Da wannan sunan yake ci da gidanshi, kuma in sunan ya faɗi yau, gobe turken ba kowa, don ga Rashidu can gefe, dillali mai sanyin baki, yana jira.

Abin da ya kai shi sayen mota jira ne. Kasuwannin daji, Roumbou, Mai Yara da sauransu, sai ka hau motar kasuwa, ita kuwa motar kasuwa ba ta tashi sai ta cika, in ta cika a ƙara buhu, in an ƙara buhu direba ya tuna bai ci abinci ba. Sa'adu ya hau ya sauka, ya zagaya motar, ya sake hawa, ya yi faɗa da karen mota, ya isa kasuwa an riga an watse da dabbobin kirki. Shekarar da ya yi sa'ar kiwon bajimai, ya sayar, ya zo ya tsaya a kaina.

“Tashi mu tahi Maraɗi.”

“Wa ya rasu?”

“Mota zan saya. Kat-kat, mai shiga rairayi, mai dogon baya, wadda za a kwantar da kujeru a sa raguna.”

“Mi ka sani ga mota?”

“Ƙafa huɗu gare ta. Mi ya rage?”

A Maraɗi muka shiga wani fili da ake jera motocin da aka taho da su daga bakin teku. Mai wurin, Alhaji Mahbub, mutum ne mai ƙiba da murya ƙasa-ƙasa, irin wanda in ya ce maka sannu sai ka ji kamar ya ba ka wani abu. Sa'adu bai gama gaisuwa ba ya nufi wata fara mai dogon baya. Ya zagaya ta. Ya daki taya da ƙafa. Ya sa aka buɗe gaba ya leƙa ciki da fuskar mai duba haƙoran raƙumi, alhali ni da shi duk ba mu san ina ne bakin ba. Ya durƙusa ya duba ƙarƙashinta ko tana zubar da wani abu.

“Malam Sa'adu, idonka ya faɗa kan ta kirki,” in ji Alhaji. “Ƙafa huɗun duk suna ja. Ga ƙarfen nan kusa da giya, karabo, in ka shiga rairayi ka ja shi, ba abin da zai tsayar da ita.”

“Gazuwal take sha, man manyan motoci?”

“Isansi, fetur ke nan. Ta isansi ta fi lafiya, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara.”

Aka shiga ciniki. Nan kam Sa'adu yana gida. Ya taya, Alhaji ya ce albarka. Ya juya zai tafi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo wai ya manta bai duba madubi ba. Ya kushe fenti, ya kushe kujera. A zuwa na uku Alhaji ya sauke kuɗin da ya kai na maraƙi biyu, haka kawai, ya kuma ce zai cika mata tanki kyauta, don zumuncin Dakoro da Maraɗi. Na taɓa Sa'adu na ce a kunnenshi, “A kara in mai sā ya sauko da sauri haka, mi kake cewa?”

“Wannan ba kara ba ce. Tsorona ya ji.”

Muka gwada ta bisa kwalta, muka fita bayan gari muka dawo. Allurar mai tana sama, ko motsi. Alhaji ya nuna da ɗan yatsa: “Ka gani? Sansana take yi.” Sa'adu ya biya, aka yi sallama, muka kamo hanyar gida yana ta danna oda wa jakunan da ba su tare mashi hanya ba.

Allurar nan ta yi mutunci har muka wuce rabin hanya. Daga nan ta fara sauka, kuma da ta fara ba ta san tsayawa ba. Sa'adu ya dube ta, ya dubi hanya, ya ɗora hularshi a kanta.

Kwalta ke nan. Ranar da ya fara shiga daji da ita zuwa Roumbou, da raguna a baya da fasinjan alfarma cike da kujeru, ya ja karabo a rairayi, motar ta yi gurnani ta haura tudu kamar wasa, kowa na kabbara. Da ƙyar man da ke cikinta ya dawo da su gari. Makanisiye, mai gyaran mota, ya duba ya ce lafiyarta lau, haka aka ƙera ta: babban inji, jiki mai nauyi, ƙafa huɗu na ja, ga rairayi, ga isansi. Shi ya sa ta daɗe a filin Alhaji, masu shiga daji duk ta gazuwal suke nema. Cikakken tankin kuwa ba sai an yi wa Sa'adu bayani ba. Kanwa ce aka ba sā da asuba, kuma shi aka sayar wa.

Wani zai yi dariya ya ce an ci ni, ya wuce. Sa'adu ba shi da wannan damar. Mutumin da aka yi wa cikon ciki a mota, wa zai sake aiken shi ya zaɓo mashi saniya?

Sai ya shiga ɓoyo. Ba ya sayen mai wuri ɗaya. Kwalba biyu wurin Cindo mai sayar da isansi a bakin tasha, uku a wata unguwa, sauran a hanyar fita gari, don kada wani ya haɗa lissafi. Ya daina kunna sanyin mota, wai yana sa mura. In ya hau gangare sai ya kashe inji, motar ta sulale shiru, ya ce wa fasinja yana sauraren taya ne. Ya kwashe tabarmin ƙafa da murfin baya don ta rage nauyi. Ya taɓa kallona sama da ƙasa kafin in shiga, ya ce, “Kai ba ka rage tuwon nan?”

Ga kuma Dakoro: mota mai dogon baya ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai haihuwa, mai suna a ƙauye, mai kai gara, mai gaisuwar mutuwa, kowa Sa'adu. Ba wanda zai ce ga na mai, shi kuma ba zai tambaya ba, don in ya tambaya an gane. Maimakon haka sai ya ƙara yabonta. A kara, a masallaci, a wurin mai tsire: “Wagga mota? Iska take sha. Ni har mantawa nake da inda ake zuba mata mai.”

Matarshi A'ishatu ce kaɗai ba ta saye. Na je gidan wata safiya na tarar tana tankaɗe, shi yana zagaya motar da tsumma.

“Malam,” ta ce da mijinta, “buhun hatsin da ke ɗaka fa?”

“Yana nan.”

“Rabinshi na nan. Dā mu bakwai ke ci gidan nan, yanzu ga ta takwas ta zo, ita ba ta daka, ba ta wanki.”

“A'i, rage murya.”

“In rage don kar ta ji? Baban yara, ka sayar da abin nan tun ba mu koma cin taya ba.”

“In sayar in ce mi ya sa?”

Ta dube ni. “Kai da ka raka shi, ba ka da baki?”

Na ce ina da shi, amma ranar a aljihu na bar shi.

Yabon nan ne ya jawo Agali. Agali Buzu ne mai raƙuma daga arewa, dattijo, tun zamanin uban Sa'adu a turkensu yake ɗaure dabba, kuma inda Agali ya ɗaure nan danginshi duka ke ɗaurewa. Ya zo wata kasuwa ya zagaya motar a hankali, rawani har hanci, ya ce ƴaƴanshi sun dame shi ya sayi mota don kai marasa lafiya gidan likita daga rugga, hanya kuwa rairayi ce zalla.

“Na ji kana cewa ba ta shan mai. Ni ban san mota ba, Sa'adu. Kai na sani. In za ka sayar, kasuwa mai zuwa ina tahe da raƙuma, mu yi magana.”

Ga mai saye ya kawo kanshi, ba zai taya da wulaƙanci ba, zai kuma tafi da ita can inda ba mai gani. Sai dai a kara akwai ƙa'ida. Kafin a yi sallama dillali zai ɗora hannu a bayan dabba ya faɗi aibinta a gaban shaidu: wagga tana harbi, wagga ta taɓa ɓari, wanga ba ya son igiya. In ka saya bayan ka ji, kai ka so. Uban Sa'adu bai taɓa tsallake wannan ba, shi ma haka.

Satin nan ban ga Sa'adu ya gama abu ɗaya ba. Ya zo wurina ya fara magana ya tashi. Ya dawo.

“Mota dabba ce?”

“Kai ka ce ƙafa huɗu gare ta.”

“Ina nufin, ƙa'idar kara ta hau kanta? Alhaji ya faɗa mani aibinta?”

“Alhaji ba dillalin Agali ba ne.”

“Shan mai ma aibi ne? Raƙumi ma yana sha.”

“To ka gaya mashi hakan.”

Ya ce ni ba abokin shawara ba ne, ya fita, ya bar takalminshi ɗaya ya dawo ya ɗauka. Ya je wurin makanisiye ko akwai abin da za a ɗaure a rage mata sha, aka ce sai dai ya ɗaure ta ita kanta. Ya je Maraɗi wurin Alhaji Mahbub ko zai karɓa, Alhaji ya ba shi ruwan sanyi da addu'a.

Ranar kasuwa ya kawo motar bakin kara, wankakkiya. Agali ya iso da raƙumanshi da danginshi. Mutane suka taru, don ba kullum ake cinikin mota tsakanin kashin shanu ba. Cindo ya bar kwalabenshi ya zo. Rashidu ya matso yana murmushin nan nashi. Agali ya taya, tayi mai kyau, wanda ya fi abin da Sa'adu ya biya. Ba wanda ya ce albarka. Saura kalma ɗaya.

Sa'adu ya cire hula ya mayar. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya sake zagayawa. Sannan ya ɗora tafin hannunshi a bayanta, ƙarfen da rana ta gasa, bai ɗauke ba.

“Baba Agali, ka ji aibinta. Tana sha. Bisa kwalta da sauƙi, a rairayi kuwa in ka ja karabo, abin da za ta sha zuwa ruggarku ya isa ka sayar da akuya duk tahiya. Inda kuke ba mai sayar da isansi. Za ta kai mara lafiya rabin hanya ta tsaya. Ni ma da na saye ta ban gani ba. An cika mata ciki, an yi mani rangwame, na rufe ido.”

Cindo ne ya fara: “Wallahi tun da ya sayi motar nan na yi wa ɗakina rufin kwano!” Dariya ta fashe har masu awaki na can nesa suna tambayar mi ya faru. Wani ya ce a kawo kanwa a ba Sa'adu. Shi dai yana tsaye, hannu bisa mota, zufa na bin wuyanshi.

Agali bai yi dariya ba, ko kuma rawani ya rufe. Ya ce, “To na fasa.” Ya juya ya yi magana da danginshi da Buzanci, doguwar magana, ana kallon turken Sa'adu ana kallon na Rashidu. Sa'adu na canza ƙafa kamar mai tsaye a kan garwashi.

Daga ƙarshe Agali ya miƙo mashi igiyar raƙuman. “Waɗannan ka sayar mani, kamar kullum. Abin da ka ce an biya, shi aka biya.” Sa'adu ya kai hannu. Agali bai saki ba tukuna. “Amma ina son shanu biyu in kai gida. Rashidu zai zaɓo.”

“Rashidu? Baba, Rashidu bai san saniya mai ciki da mai kumburi ba!”

“Sai ka bi shi ka gani. Kallo ba a hana ka ba.”

Rashidu ya riga ya nufi layin shanu, a natse, hannu a baya. Sa'adu ya danƙa mani igiyar raƙuma uku da makullin mota, ni da ban iya ko ɗaya ba, ya tattare riga ya bi shi da gudu yana ihu: “Ba waccan ba! Kai, dubi ƙafarta ta baya!”