Talotalo a Cikin Burodi

Shekarar da aka koro mutanenmu 'yan Gana daga Najeriya, mijina ya dawo Tamale da riga ɗaya da wata doguwar wuƙa mai haƙora naɗe cikin tawul. Shekara shida yana kuku a gidan wani Bature a Legas. Duk unguwarmu Zogbeli an san shi, shi ne mai aiko da rediyo, mai aiko da atamfa kafin Sallah. Ya sauko daga bayan babbar mota ƙafafu a kumbure, ya shiga ɗaki, ya saki labule.

Mako bakwai bai taka ƙofar gida ba. Salla a ɗaki, har ta Juma'a bai fita ba. Mazan unguwa suna zama a gindin dogonyaro daf da gidanmu bayan la'asar, kuma duk wanda aka koro sun laƙaba masa ɗan Agege. Yana jin dariyarsu ta taga. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gorin da nake jin kunyar rubutawa yanzu. Sai ya juya fuska bango. Mutum na narkewa a gabana kamar man kaɗe a rana, na rasa ta inda zan kama shi.

Abinci kuwa kada ma a tambaya. Ruwa ya ƙi, gobara ta cinye gonaki, tuwon masarar rawaya sau ɗaya a yini. Dukiyata a lokacin talotalo ɗaya ne, namiji, na karɓo shi ɗan tsako a Kukuo. Hatsi bai isa mutane ba balle tsuntsu, don haka gara nake kama masa. In tusa busasshen kashin shanu da karan masara a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife a kan suri, da safe in ɗauko ta cike. Ya yi ƙato, ya yi mugun hali. Niyyata in sayar wa ma'aikata in Kirsimeti ta zo.

Wata Juma'a, ana tsakiyar huɗuba, talotalon ya fita ƙofar gida ya bi wata nas da ke wucewa a kan keke. Ya tura kai cikin taya.

"Wayyo Mma, gafara! Wallahi shi ya biyo ni!"

"Na sani, 'yata. Ni ma bina yake, ni da ke ba shi abinci."

Wuyan ya lanƙwashe, ido ya fara juyawa. In ya cika ba a yanka ba ya zama mushe, wahalar wata tara ta tafi bola. A wajenmu kuwa mace ba ta yanka dabba. Haka muka taso muka gani, ba wadda ta taɓa tambayar dalili. Sai da na tsufa na shiga ajin manya malamarmu ta gaya mana yankan mace halal ne. Na yi dariya har aka kore ni waje. Da na sani a ranar, da na yanka abina da kaina, da kuma ban san yadda zancen mijina zai ƙare ba.

Na leƙa titi, ba namiji ko ɗaya, duk suna masallaci. Na ɗaga labule.

"Maigida, tashi. Talotalo zai mutu, fito ka yanka."

"Kira wani."

"Wa zan kira? Kai kaɗai ka rage a unguwa, in har ka rage."

Ya sake juya fuska bango.

"To shi ke nan. Bari in kawo maka shi ya mutu a kan tabarmarka, ku zama biyu."

Ba wasa nake ba. Na jawo talotalon ta ƙafa, yana dukan ƙasa da fiffike, na dire shi a gefen matashinsa. Mutumin ya zabura.

"Ke! Kin haukace? A ɗaki?"

"In ba ka son jini a ɗaki, ga tsakar gida can."

Ya sungumi tsuntsun ya fito yana runtse ido, rana ta zame masa baƙuwa. Ya karɓi wuƙar girkina, ya ja ta sau uku a kan dutsen niƙa, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla. Jini ya yi tsartuwa, talotalo ya shure. Mun same shi da rai.

Na fige, na ɗora babbar tukunya zan yi miya. Ya riga ya juya zai koma ɗaki, sai ya tsaya.

"Me za ki yi da wannan?"

"Dafawa."

"A ruwa?"

"To a me, a kananzir?"

"Talotalo guda ki jefa a ruwa kamar ƙafar saniya? Matsa."

Na matsa da sauri, kafin ya sake shawara. Ya sa na daka citta da tafarnuwa da masoro da gishiri. Ina da ɗan man shanu a kwalba, na wata Bafulatana mai kawo nono daga Gbalahi. Ya cuɗa shi da kayan ƙamshin, ya zura hannu tsakanin fata da tsoka ya shafe ko'ina, ya cusa albasa da lemun tsami a ciki. Sannan ya ce tanderu yake so.

Bayan katangarmu akwai tsohuwa mai burodi. Tanderunta ya yi watanni a sanyaye, amma a makon nan ta sami fulawa bayan kwana biyu a layi, kuma da safen ta yi gashi, akwai sauran zafi. Muka shirya, cinya ɗaya tata, burodi uku namu. Ni na kai tiren. Shi yana ta ihu ta kan katanga, a juya, a ɗebi man da ya tsatso a zuba a ƙirji. Can ya hau turmi yana leƙe. Can kuma sai ga shi ya biyo ta ƙofar baya, wai mun kusa ƙona masa aiki.

"Ɗana, ashe kana duniya?" in ji tsohuwa.

"Ina nan, Mma. Rage garwashin gefen can."

Da ya fito, fatar ta yi ja tana ƙyalli. Na miƙa hannu, ya buge.

"Bar shi ya huta."

"Ya mutu, an gasa shi, wane hutu kuma?"

Kafin ya huta ɗin, ya fasa ƙwan zabi biyu, ya ware gwaiduwa, ya rinƙa ɗiga man gyaɗa yana kaɗawa da cokali, ɗigo ɗigo, har ya yi kauri ya yi fari, ya matsa lemun tsami. Na ce ni ba mai shan ɗanyen ƙwai ba ce. Ya ce a hakan zan lashe kwanon. Na lashe kuwa.

Sai ya warware tawul ɗin nan. Ashe wuƙar ta burodi ce. Ya yanyanka burodin fale fale ba tare da ya murƙushe ba, ya ɗan gasa a kan murfin tukunya. Ya shafa farin haɗin a gefe ɗaya, ya shimfiɗa ganyen latas da na roƙo wajen masu lambu, ya jera tsokar ƙirji siri siri har hawa uku, tumatir biyu ƙanana da ya yanka kamar takarda, albasa da ya jiƙa a ruwan lemu, ɓarɓashin fatar da ta soyu, ɗan yajin ƙuli. Ya rufe da wani burodin, ya danna da tafin hannu, ya raba biyu a karkace. Sanwic ya ce sunansa. Ya ba ni na farko, ya tsaya yana kallon bakina. Baki a cike, na kawar da kai, don ban so ya ga idona.

'Ya'yanmu mata biyu suka ci, tsohuwa ta ci, aka ajiye na nas. Lokacin an idar da la'asar, ƙamshi ya riga ya kai gindin dogonyaro. A shekarar yunwa ba a barin maƙwabci da ƙamshi kawai. Ya jera guda takwas a tire ya turo mini.

"Kai musu."

"Ƙafata na ciwo."

"Aiki yaran."

"'Yan mata a majalisar maza? Kai ka dafa, kai za ka kai. In kuma ba ka kai ba su ce matar ɗan Agege ta ci talotalo ita kaɗai."

Ya daɗe yana kallon tiren. Ya shiga ɗaki. Sai ya fito da hula.

Na laɓe a zaure. Ya isa gindin dogonyaro da tiren. Wani mai baki, tela, ya ce, "Kai! Ɗan Agege ya tashi daga kabari!"

"Ya tashi," in ji mijina. "Kuma wanda ya sake cewa Agege ba ya ci."

Aka fashe da dariya, aka matsa masa wuri a benci. Telan ya buɗe nasa zai cinye naman ya bar burodin, mijina ya kama hannunsa, ya nuna masa yadda ake riƙewa da hannu biyu a gatsa gaba ɗaya. Har aka kira magariba yana can, yana faɗa musu girman tanderun Bature, yana ƙari a kai. Da suka tashi zuwa masallaci, ya miƙo mini tiren ta zaure ba tare da ya waiwayo ba, ya bi su.