Surukai Biyu a Kan Dakali

Ranar da aka ɗaura auren ƙanwata a Garwa, zamanin Jamus, ni na jawo mai hoto, kuma har gobe ban yi nadama ba. Bajamushe ne, akawu a kantin bakin kogin Binuwai inda nake kai fatu. Yana da wani akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku, ya daɗe yana yi mini naci in samo masa taro. Na ce masa, zo ka ga taro.

Ya kuwa gani. Mu Hausawan zango mun fito kaf, dangin ango kuma Fulani ne, sun zo har da na ruga. Ƙofar gidanmu ta cika ta batse. Da ma ba kowa ne a cikinsu ya so auren ba, ana ta ƙus-ƙus wai ɗansu ya ɗauko 'yar fatake. Shi ya sa tun safe nake kaffa-kaffa da su.

Ana shafa fatiha mutumin ya kafa akwatinsa, ya shiga jera jama'a yadda ya iya: gajeru su zauna gaba, dogaye su tsaya baya. Babana gajere ne, sai ga shi daram a tsakiyar tabarma. Uban ango kuwa dogon dattijo ne mai furfura, aka nuna masa can baya cikin samari, a tsaye. Na ga fuskokin 'yan'uwansa sun canza, wani har ya fara laluben takalminsa. Na san in suka tashi da fushi, ƙanwata ce za ta ɗanɗana kuɗarta a gidan miji.

Na tare Bajamushen na ce ya dakata. Ya ce shi dai fuskoki yake so su fito duka. Na ce za su fito, ya bar mini sauran.

Akwai wani dakali mai tudu a jikin zaurenmu. Na sa aka shimfiɗa buzu biyu a kai, aka juya akwatin ya fuskance shi. Sannan na je na durƙusa gaban dattijon.

"Baffa, a yi haƙuri, a hau sama. Wurinku ne ku da Baba."

Ya dube ni ya ce, "To, ɗana."

Sauran jama'a na zube su ƙasa sahu-sahu, manya kusa da dakali, samari a gefe. Na daka wa makaɗa tsawa suka yi shiru, abin da ko liman bai samu ba ranar. Mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyallensa, ya ɗaga hannu, kowa ya ƙame.

Bayan 'yan kwanaki ya ba ni hoton. Ga Baba ya turo ƙirji, ƙafafunsa ko ƙasa ba su kai ba. Ga dattijon kusa da shi ya ranƙwafar da baya, ya sauke kafaɗu, har rawunansu suka zo daidai. Ba wanda ya ce ya yi haka, ni kaina ban lura ba a lokacin. Na ji daɗi har cikin raina.

Na shiga da shi wurin Inna, wadda tun da aka kai amarya ba ta ci abin kirki ba. Ta juya shi, ta matso da shi kusa da ido, sannan ta ɗora yatsa a kan dattijon.

"Wannan ba zai bari a wulaƙanta mini 'ya ba," in ji ta.

Sai ta ce a miƙo mata kwanon tuwonta.